Amfani da Manhajar Zane a Fuskar Kwamfuta Wajen Koyar da Hausa: Bayani ga Malamai da Masu Tsara Manhajar Karatu a Yankin Azare da Katagum

1.0 Gabatarwa

Babban ɓangare na aikin malamin Hausa a aji shi ne nuni. Malami yakan rubuta kalma a allo, ya ja layi a ƙarƙashin wata gaɓa, ya kewaye wani harafi, ko ya zana kibiya daga suna zuwa wakilinsa, ɗalibai kuma suna bin hannunsa da ido. Ta wannan hanya ce ɗalibi yake gane inda ƙa'ida take aiki a cikin kalma ko jimla. Da kwamfuta da majigi suka fara shiga azuzuwa, sai wata matsala ta ɓullo. Abin da aka haska a bango a shirye yake zuwa, ba a iya taɓa shi da alli, saboda haka malami yakan koma mai karanta wa ɗalibai abin da su ma suke gani.

Wannan maƙala za ta yi bayanin wata hanya mai sauƙi ta magance matsalar, wato amfani da manhajar da take bai wa malami damar yin zane da rubutu a kan duk abin da ke fuskar kwamfuta. Za a kawo ma'anarta da ire-irenta da maɓallan da ake sarrafa ta da su, sannan a nuna yadda za ta yi amfani a darussan Hausa, da matsalolin da ke tattare da ita. Da yake kalmar “manhaja” tana ɗauke da ma'ana biyu a Hausar yau, a nan za a riƙa cewa “manhajar karatu” idan ana nufin tsarin abin da za a koyar, a ce “manhajar zane” idan ana nufin abin da ake sanya wa kwamfuta.

2.0 Dalilin Duba Yankin Azare da Katagum

Malam Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19. A zamanin Turawa aka mayar da fadar masarautar daga garin Katagum zuwa Azare. A yau Azare ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, garin Katagum kuwa shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki, duk a Jihar Bauchi.

Abubuwa biyu ne suka sa yankin ya dace da wannan bayani. Na farko, cibiya ce ta horar da malamai. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, wadda aka kafa a 1977, ta daɗe tana yaye malaman da ke koyarwa a makarantun arewacin jihar, ga kuma Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, kusa da Azare. Duk dabarar da ɗalibin malanta ya koya a nan, da ita zai tafi makarantar da aka tura shi. Na biyu, wannan ita ce ƙasar Guddiri, inda ake magana da karin harshen Guddiranci, ga kuma masu jin Fulatanci da Barbarci da sauran harsuna. Ke nan ɗalibi yakan zo aji da Hausar gida, a buƙaci ya rubuta Daidaitacciyar Hausa. Malamin da yake son nuna bambancin biyun ba tare da ya ƙasƙantar da Hausar gida ba, yana bukatar ya jera su gefe da gefe, ya nuna daidai wurin da suka rabu.

3.0 Ma'anar Manhajar Zane da Ire-irenta

Manhajar zane wata ƙaramar manhaja ce da take shimfiɗa wani fili marar launi a kan fuskar kwamfuta, kamar a ce an ɗora gilashi a kan takarda ana rubutu a kan gilashin. Duk abin da malami ya zana a kan wannan fili yake tsayawa, ba ya shiga cikin ainihin fayil ɗin. Da an share zanen, rubutun da ke ƙasa yana nan yadda yake. Wannan ne ya sa za a iya amfani da nassi guda a aji uku ko huɗu, kowane aji ya fara daga farko.

Akwai ire-iren wannan manhaja da yawa, amma uku ne suka fi kusa da hannun malami:

(a) ZoomIt. Mark Russinovich ne ya ƙirƙira ta, tana cikin jerin kayan Sysinternals da kamfanin Microsoft ya mallaka a 2006. Kyauta ce, ƙarama ce, ba ta bukatar intanet yayin aiki, kuma tana yin zane a kan kowane irin abu da ke fuska. A watan Janairu na 2025 aka shigar da ita cikin PowerToys.

(b) Alƙalamin PowerPoint. Wannan yana cikin PowerPoint tun asali, amma a kan shafukan da ake haskawa kaɗai yake aiki.

(c) OpenBoard. Kyauta ce ita ma, an tsara ta musamman don aji, kuma hukumar ilimi ta Janeba a ƙasar Suwizalan ce ta ɗauki nauyinta. Ta samo asali ne daga Open-Sankoré, wadda aka raɗa wa sunan tsohuwar cibiyar ilimi ta Sankore da ke Tambutu.

A wannan maƙala za a fi mayar da hankali ga ZoomIt, domin ita ce ta fi sauƙin ɗauka daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kuma da maɓallai ake sarrafa ta gaba ɗaya.

4.0 Maɓallan Yanke

Maɓallan yanke su ne maɓallai biyu ko uku da ake dannawa tare domin a yi aiki nan take, ba sai an bi ta jerin zaɓi da linzamin kwamfuta ba. Muhimmancinsu a aji a fili yake. Darasin sakandare yawanci minti 40 ne, kuma duk lokacin da malami ya sunkuya yana laluben wani ɗan hoto a fuska, hankalin aji yakan watse. Ga waɗanda suka fi muhimmanci a ZoomIt:

Ctrl da 1: ƙara girman wurin da manuni yake.
Ctrl da 2: fara zane ba tare da ƙara girma ba.
Ctrl da 3: agogon ƙidayar lokaci, wanda yake farawa daga minti 10 idan ba a sauya ba.
Ctrl da 4: ƙara girma alhali abin da ke fuska yana ci gaba da motsi.
Ctrl da 5: naɗar abin da ke faruwa a fuska a matsayin bidiyo, a sababbin fitowar manhajar.

Idan an shiga zane kuwa:

R ja, G kore, B shuɗi, Y rawaya, O ruwan lemo, P ruwan hoda.
Riƙe Shift: miƙaƙƙen layi.
Riƙe Ctrl: akwati.
Riƙe Tab: da'ira.
Riƙe Ctrl da Shift: kibiya.
T: rubutu da maɓallai. Shift da T: rubutun da ya jingina da dama.
W: farin allo. K: baƙin allo.
Ctrl da Z: goge zanen ƙarshe. E: goge duka.
Ctrl da S: adana hoton fuska tare da zanen.
Esc: fita.

Haruffan launukan daga farkon sunayensu na Ingilishi aka ɗauko su, don haka sai an haddace su. A PowerPoint kuwa, yayin haskawa, Ctrl da P yana kawo alƙalami, Ctrl da I alƙalamin haskakawa, Ctrl da E magogi, E kuma yana goge duk zanen shafin. Ya kamata a lura da wani wuri da ake rikicewa: harafin B a PowerPoint baƙanta fuska yake yi, a ZoomIt kuwa shuɗin alƙalami yake bayarwa, K ne na baƙin allo.

Ba a bukatar malami ya haddace duka a rana ɗaya. Maɓallai biyar sun isa a fara da su: Ctrl da 2, da R, da G, da Ctrl da Z, da Esc.

5.0 Amfani da Manhajar a Darussan Hausa

Binciken Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara kan koyo ta hanyar hoto da magana ya nuna cewa ɗalibai sun fi fahimta idan an sa alamun da ke jawo ido zuwa muhimman wurare, kuma aka rage abubuwan da ba su da nasaba da darasi. Wannan ka'ida ce ya kamata ta jagoranci duk zanen da malami zai yi.

5.1 Ƙa'idojin Rubutu

A nan ne manhajar ta fi amfani. Ƙa'idojin rubutun Hausa sun samu ne ta hanyar tarurruka da dama, daga ciki har da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, amma har yau haɗa kalmomi da raba su yana cikin abin da ya fi kayar da ɗalibai. A ɗauka malami ya haska wannan jimla mai kurakurai:

Dalibai sun ce ba'a basu alli ba, amma malamin ya na ganin za'a kawo shi akan lokaci.

Maimakon ya haska gyararriyar jimla nan take, sai ya danna Ctrl da 2, ya nemi aji su nemo kurakuran. Kurakurai shida ne, iri uku. Akwai rashin lanƙwasa a “Dalibai”, wanda zai kewaye da shuɗi. Akwai kalmomin da aka haɗa alhali a rabe suke, wato “ba'a” da “basu” da “za'a” da “akan”, waɗanda zai tsaga da jan layi a daidai inda ya kamata su rabu: ba a, ba su, za a, a kan. Akwai kuma wadda aka raba alhali a haɗe take, wato “ya na”, wadda zai sa cikin koren akwati: yana. Da an gama, ɗalibi zai ga jajayen layuka huɗu a gabansa, ya gane da kansa cewa haɗa abin da ya kamata a raba shi ne babbar matsalar wannan rubutu. Daga nan malami zai danna W, ya rubuta “akan kawo alli kullum” a farin allo, ya nuna cewa “akan” ta lokaci sabau a haɗe take, ita kuwa “a kan” ta bagire a rabe.

Haka kuma, ƙara girma da Ctrl da 1 yana taimakawa wajen haruffa masu lanƙwasa. Ɗalibin da ke bayan aji ba ya iya bambance baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, idan rubutun ƙanana ne. Idan aka ƙara girman kalmar har lanƙwasar ta fito sosai, aka kewaye ta, bambancin zai zauna masa.

Dangane da buga waɗannan haruffa, ya fi kyau a shirya nassin tun a gida. A Word, idan aka buga 0253 aka danna Alt da X za a sami ɓ. 0257 yana bayar da ɗ, 0199 kuma ƙ. Manyansu su ne 0181 da 018A da 0198. Har ila yau, Windows yana da tsarin maɓallai na Hausa da za a iya zaɓa.

5.2 Tsarin Sauti

Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, kuma buga alamominsu da maɓallai yana da wahala. Da manhajar zane, malami zai buga kalmomin yadda aka saba, sannan ya ɗora alamomin da hannu yana furtawa. Alal misali, zai rubuta “kuka” sau biyu, ya nuna cewa na hawaye karinsa sama-sama ne, na itaciya kuwa sama-ƙasa. Zai rubuta “kai” sau biyu, na wakilin suna mai karin sama, na gaɓar jiki mai karin faɗau. A “gari” kuwa karin iri ɗaya ne, tsawon wasalin farko ne ya raba garin da ake zama da garin tuwo. Amfanin yin haka a gaban ɗalibai shi ne kunne da ido suna aiki a lokaci guda: alamar tana sauka a daidai lokacin da murya ta sauka.

Wajen gaɓa ma haka ne. Za a tsaga “makaranta” da miƙaƙƙun layuka zuwa ma-ka-ran-ta, a rubuta tsarin kowace gaɓa a ƙarƙashinta: BW, BW, BWB, BWW. Wannan aiki shi ne harsashin nazarin karin waƙa, inda ake bambance gajeriyar gaɓa da doguwa.

5.3 Ginin Kalma da Ginin Jimla

A ginin kalma, launi ɗaya zai tsaya ga saiwa, wani ga ɗafi. Idan aka jera manomi da manomiya da manoma, aka sa “nom” cikin jan akwati a duka ukun, aka ja koren layi ƙarƙashin ɗafa-goshi “ma”, aka kewaye ɗafa-ƙeya da shuɗi, ɗalibi zai ga abin da ya tsaya da abin da yake sauyawa. Ɗafa-ciki, kamar “a” da ke cikin guragu daga gurgu, da kibiya ya fi fitowa.

A ginin jimla kuwa, kibiya tana nuna jituwa. A sassan kudanci da gabashin ƙasar Hausa akan ji “motan ya lalace”, inda Daidaitacciyar Hausa take da “motar ta lalace”. Malami zai jera biyun, ya zana kibiya daga madanganci “r” zuwa wakilin suna “ta”, ya bayyana cewa jinsin sunan ne yake jan su duka. Zai kuma faɗa wa ɗalibai cewa ta farko magana ce da jama'a suke yi, ta biyu ita ce ake bukata a rubutu da jarrabawa.

5.4 Ajami

Ga darasin ajami, ƙara girma ya fi komai amfani. Idan aka ɗauki hoton shafin tsohon rubutu aka haska, ana iya ƙara girmansa har a ga ɗigon imala da ke ƙarƙashin harafi, wanda yake nuna wasalin “e”, a bambance shi da kisira. Ta haka aji guda zai yi nazarin shafi ɗaya ba tare da an riƙa miƙa tsohuwar takarda hannu zuwa hannu ba.

6.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce wutar lantarki da kayan aiki. Manhajar kyauta ce, amma majigi da wutar da zai yi aiki da ita ba kyauta ba ne, kuma hasken rana yana dusashe hoton majigi a ajin da ba labule. Launin rawaya da ruwan hoda su ne suke fara ɓacewa a kan farin shafi.

Ta biyu, rubutu da linzamin kwamfuta ba ya kyau. Layi da akwati da kibiya suna fita daidai saboda maɓallan da aka ambata, amma haruffa, musamman na ajami, suna bukatar ɗan allon rubutu mai alƙalami da ake jona wa kwamfuta.

Ta uku, karon maɓallai. A Word, Ctrl da 1 da kuma Ctrl da 2 na daidaita tazarar layuka ne. Muddin ZoomIt tana aiki, ita za ta karɓe su. Ana iya sauya maɓallan a cikin zaɓuɓɓukanta, ko a rufe ta idan an gama darasi.

Ta huɗu, zanen ba ya dawwama. Da an danna Esc ya tafi, saboda haka duk abin da ake son ɗalibai su sake gani sai an adana shi da Ctrl da S kafin a fita.

Ta biyar ta shafi tarbiyya. Haska rubutun ɗalibi a gaban aji ana jan jajayen layuka a kansa yana iya kashe masa gwiwa. Wajibi ne a cire suna, ko a sake buga rubutun, ko a haɗa kurakuran ɗalibai da yawa a nassi guda. Haka nan akwai ɗaliban da ba sa bambance ja da kore sosai, don haka kowane launi ya kamata ya zo da siffarsa, wato ja da layi, kore da akwati, shuɗi da da'ira.

7.0 Shawarwari

(i) Masu tsara manhajar karatu su rubuta manufa da sunan ƙwarewa, misali “ɗalibin malanta ya iya nuna sassan kalma a nassin da aka haska”, kada su ɗaure ta ga sunan manhaja guda, domin manhajojin kwamfuta suna sauyawa.

(ii) Sashen Hausa na kowace makaranta ya amince da ma'anar launuka guda, yadda ɗalibi ba zai tarar da ja yana nufin saiwa a wajen wannan malami, yana nufin kuskure a wajen wancan ba.

(iii) Kwalejojin ilimi su shigar da wannan dabara cikin darasin dabarun koyar da Hausa da gwajin koyarwa, inda kowane ɗalibi zai gabatar da darasin minti 10 yana amfani da maɓallai biyar na farko.

(iv) Kowane shirin darasi ya kasance yana da madadinsa na allo da alli mai launi, yadda ɗaukewar wuta ba za ta kashe darasi ba. Wannan ya fi muhimmanci ga makarantun karkara na Zaki da Gamawa da Itas/Gadau da makamantansu.

(v) Kafin a kashe kuɗi wajen sayen alluna masu tsada, a gwada wannan hanya a 'yan makarantu na tsawon zango guda, a kwatanta rubutun ɗalibai kafin gwajin da bayansa.

(vi) A sauko da manhajar daga shafin masu ita kaɗai, a kuma bincika filashin da ake yawo da shi tsakanin kwamfutoci saboda ƙwayoyin cutar kwamfuta.

(vii) Hukumomin da abin ya shafa, irin su NERDC da NCCE, tare da cibiyoyin nazarin harsuna, su daidaita kalmomin Hausa na wannan fanni domin littattafan malamai su yi magana da murya ɗaya.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi bayanin manhajar zane a fuskar kwamfuta da maɓallan da ake sarrafa ta da su, ta kuma nuna yadda za ta taimaka wajen koyar da ƙa'idojin rubutu da tsarin sauti da ginin kalma da jimla da ajami. An ga cewa amfaninta shi ne dawo wa malami da damar nuni a gaban ɗalibai, wadda yakan rasa idan ya koma ga majigi. An kuma ga cewa amfanin ya dogara ga sanin malami na ƙa'idar da yake nunawa, domin wanda bai san inda “a kan” take rabuwa ba, ba zai san inda zai ja layi ba. Saboda haka horar da malamai a kan harshen shi ne kan gaba, sannan a biyo da horo kan manhajar, kuma kwalejojin ilimi irin ta Azare su ne wuraren da ya fi dacewa a haɗa biyun.